Zara ta kai azumi duka, sai aka sa mata ido

Assalamu alaikum malama mai gabatar da shiri, sannu da aiki. Falmata ce daga Gure.

Ina da ƴa, Zara, shekararta goma sha biyar, tana kolej. Azumin bana ta kai shi duka, ba ta sha ko ɗaya ba. Ni murna na yi. Ashe ƙanwar mijina da ta zo daga Gidigir ido ta sa mata. Ranar Salla ta ja ni ɗaka ta ce, "Yaya, budurwa ce za ta yi wata cur babu fashin salla? Ki bincika."

Hankalina ya tashi, na kai Zara asibiti. Ungozoma ta gwada ta ce babu ciki. Ta ce a shekarun farko al'ada takan tsallake wata. Ga rama da ƙarancin jini, ga wahalar ban ruwa a garka, ga fargabar jarrabawa. Ta ba ta maganin ƙarin jini, ta ce mu koma in shiru ya yi yawa.

Kafin mu dawo, magana ta zaga unguwa. To wa ya fitar da ita, tunda daga ni sai ƙanwar mijina muka yi ta? Ta rantse ba ita ba ce, ni dai ban yarda ba. Yanzu har cewa ake na haɗa baki da ungozoma.

Jiya Zara ta ce mini, "Inna, da na sani da na sha azumin da gangan, su gani."

Malama, a ba ni shawara. Me zan ce wa yarinyar da ibadarta ta ja mata zargi?