Zaɓen Injin Haƙa Ramin Shinge

A shagon kayan noma na ji su, gaban injinan haƙa rami da ake ɗaura wa tarakta. Wani magidanci ya dafa mafi girma, sai wani dattijo da ke wucewa ya tsaya.

"Wannan za ka ɗauka, ɗana? Rijiya za ka haƙa ko kabarin giwa?"

"Shinge zan yi, Baba. Awakin maƙwabta sun gama da ni."

"To ai ramin dirka ƙarami ya ishe shi. Yaya ƙarfin taraktarka yake?"

"Ja ce dai."

"Ban tambaye ka launinta ba."

"Gaskiya ta surukina ce. Ya yi tafiya, makullin yana wajen 'yarsa."

"Ya sani?"

"Zai sani idan ya ga shinge."

Dattijo ya girgiza kai. "Ƙasar gonar fa? Yashi ce, ko akwai saiwoyi?"

"Ƙasa ai ƙasa ce, Baba."

"Haka wani ya ce bara. Babban nan idan ya cafki saiwa, nutsewa yake yi, ƙaramar tarakta ba ta iya zaro shi."

"Ashe gwani na samu! Kai wanne ka saya?"

"Irin wanda ka dafa."

"To ara mini mana, kwana biyu kawai."

Dattijo ya sosa ƙeya. "Je ka ɗauka, halak malak. Yana bayan gida, a ƙasa har wuya. Mu shida muka ja, ya ƙi. Yanzu a jikinsa iyalina ke ɗaura igiyar shanya."