Bayanin Jagoran da Ya Sa Aka Kori Teloli Daga Gidan Tarihi

Mai girma shugaban wannan ƙungiya ta teloli, iyayenmu da suka koya mana riƙon almakashi, 'yan'uwana masu keke da masu aikin hannu, da dukkan jama'ar da ta cika wannan zaure, assalamu alaikum.

Ina godiya ga shugaba da ya ba ni damar yin bayani kan ziyarar da muka kai babban birni. Ina kuma godiya ga waɗanda suka zaɓe ni jagoran tafiya, bisa hujjar cewa na taɓa zuwa can. Gaskiya ne na taɓa zuwa, sai dai sayen zare ya kai ni, kuma iyakata daga tasha zuwa kasuwa.

Na farko, tsohuwar ganuwa. Na tsayar da ku gaban wani dogon bango, na yi muku jawabi mai ratsa jiki kan mayaƙan da suka kare shi, har wasunku suka ɗauki hoto. Ina cikin magana sai ƙofa ta buɗe, motar kashe gobara ta fito. Ganuwar tana can gaba, mun hange ta ta tagar mota muna wucewa.

Na biyu, hasumiya. Ni na ce duk mai ciwon gwiwa ya zauna a ƙasa, ni kuma aka sauko da ni a rirriƙe tun ba mu kai rabi ba. Waɗanda suka kai sama sun ce an ga fada da kogi da gadoji. Na yarda da su.

Na uku, gidan tarihi, kuma a nan nake roƙon ku saurara. Kun san Baba, wanda rabin mutanen zauren nan a shagonsa suka koyi ɗinki. Kun san idanunsa suna ta dushewa. Abu ɗaya ya sa ya jure wannan doguwar hanya: wata rigar sarkin dā, wadda maigidansa ya sha ba shi labarinta tun yana ɗan koyo.

Rigar tana rataye, an kewaye ta da igiya. Jama'a, wane tela ne zai ga riga bai juya bakinta ya duba ciki ba? Na miƙa hannu na juya. Ƙararrawa ta ɗauka, masu gadi suka zo, aka fitar da mu gaba ɗaya. Baba, da yake a hankali yake tafiya, ko ƙofar ɗakin bai kai ba.

A waje ya zauna kan matakala, ya ce, "Ba komai, ɗana. Dama ba lallai ne in gani ba." Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Na koma wurin shugabar masu gadi, na cire hula, na ce, "Ranki ya daɗe, laifin nawa ne. Tsohon nan idanunsa ba za su jira wata ziyara ba." Ta dube ni, ta leƙa ta dube shi, ta ce, "Ya shiga. Kai ma shiga ka riƙe shi, amma da hannu biyu, don in san inda hannayenka suke."

Baba ya daɗe tsaye gaban rigar, sannan ya ce, "Shuɗi kawai nake gani. Faɗa mini." Na bayyana masa wuya, na bayyana masa hannu, na bi aikin ƙirji zare bayan zare. Sai ya rage murya ya ce, "Cikin fa? Ai kai ka juya."

Na ce, "Baba, cikin ya fi wajen tsabta. Ko bakin zare ɗaya ban gani ba."

Ya gyaɗa kai. "Haka maigidana ya ce. Ashe bai ƙara komai ba. Mu tafi gida."

Saboda haka ina neman afuwar duk waɗanda na hana su ganin sauran ɗakunan, ina kuma ba da shawarar a sake shirya ziyara, a nemi wani jagoran, ni kuwa a bar ni in tsare mota.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya haskaka masa idanu. Allah ya sa albarka a kekunanmu da allurarmu, ya sa cikin aikinmu ya yi kyau kamar wajensa, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.