Maɓallin da Yaya Yohanna Yake Dannawa

Kuɗin tafiyata Faransa dai Keke Napep ɗina na sayar, na haɗa da injin markaɗen mahaifiyata na Dutsen Kura. Ranar da aka zo ɗaukar injin, ɗaki ta shige ta daɗe. Ku matso, ku da kuke yi mini dariya a bakin Kasuwar Kure, wai Baba Faransa ko kai fasinja ya sosa sai ya taka birki. Tunda layi bai zo kanmu ba, bari ku ji dalili.

Sunan garin Liyon. Tsohon gari ne, koguna biyu sun ratsa shi, ga lunguna shimfiɗe da duwatsu, ga wata ƙatuwar coci a kan tudu. Mutane na zuwa daga ko'ina su ɗauki hoton bango, ni kuwa ina bayan bangon ina wanke tukwane a gidan abinci.

Wanda ya karɓe ni Yohanna ne, Gbagyi ɗan unguwar Maitumbi ta garinmu, Kirista. Ya girme ni, Yaya nake ce masa. A ɗakinsa nake shimfiɗa dardumata, shi ke ma tashina da asuba. Shi ya koya mini bonju da mesi da fardo, wato sannu da na gode da yi haƙuri, ya ce da su kaɗai mutum zai tsufa a ƙasar, tunda ko ƙafarka aka taka kai za ka ce fardo. Ranar da mai gidan hayarmu ta buga ƙofa da hanci a toshe tana tambayar wane ɓera ne ya mutu, alhali daddawa ce a tukunya, shi ya lallashe ta har ta ɗanɗana miyar.

Wurin aiki tiram nake hawa, wani dogon jirgi mai bin tsakiyar titi. Shi ba ruwansa, kowace tasha sai ya tsaya, ko da mai sauka ko babu. Bas kuwa ban taɓa shiga ni kaɗai ba, sai ranar hutu in Yaya ya ɗauke ni yawon ganin gari. Kullum yana tsaye yana riƙe da ƙarfe, muna hirar doyar gida, motar ta tsaya daidai inda muke so. Har nakan yaba wa direbobinsu, in ce sun san zuciyar fasinja. Sai ya yi murmushi kawai. Jan maɓallin da ke jikin ƙarfen na sha ganinsa, na ɗauka na gobara ne, irin abin da baƙo ba ya taɓawa.

Ciwon ƙirji ya kayar da shi a wurin aiki, bai tashi ba. Kawo gawa gida ya fi ƙarfinmu. Matarsa, Maman Talatu, ta kira ni daga Maitumbi, muryarta a dushe.

“Malam Sale, ba ni da kowa a can sai kai. Ka sa mishi ƙasa da hannunka, a madadina da yara. Kada baƙi kaɗai su rufe shi.”

Na ce mata in Allah ya yarda.

Ogana sai da muka yi ta da shi kan zuwa jana'izar. Ya tambaya ko ɗan'uwana ne, na ce garinmu ɗaya. Ya ce gari ɗaya ba dangi ba ne. Na cire rigar aikin na ajiye masa a kan tebur, sannan ya ce in je in dawo da rana.

Maƙabartar tana bayan gari, tiram ba ya zuwa, sai bas. Na shiga na zauna kusa da taga, fasinja ba su da yawa. Muna karya kwana na hango ƙofar, na hango fasto da 'yan mutane suna bin akwati. Na miƙe na tsaya a bakin ƙofar motar ina jira. Motar ta wuce abinta.

Na buga rufin da hannu irin yadda muke yi a nan, ina cewa akwai mai sauka. Fardo ɗin ma ya ɓace mini. Direban ya dube ni ta madubi, ya nuna jan maɓallin da yatsa, ya girgiza kai. A can ba a tsayawa sai a tasha, ko mutum zai mutu. Wata tsohuwa ta miƙa hannu ta danna mini, ƙararrawa ta yi ƙara, irin ƙarar da na saba ji duk ranar da muka fita da Yaya. A nan na gane. Duk shekarun nan ba ƙarfe kawai yake riƙewa ba.

Tasha ta gaba tana can bayan babban titi. Na dawo da gudu a ƙafa, takalmi a hannu. Su kuma ba sa jiran kowa, binnewa ma da lokacinta. Na tarar kowa ya watse, wani ɗan ƙaramin injin tono yana daddale kabarin. Na ɗebi ƙasa na zuba, amma ƙasa ce a kan ƙasa. Na zauna a wurin na yi kuka kamar yaro.

Garin ya fita daga raina tun daga ranar. Da na dawo ba abin da na kawo sai jakata, kuma kafin in kwana biyu na tafi Maitumbi. Maman Talatu ta ba ni ruwa, ta tambaya ko na sa masa. Na gaya mata kome, har maɓallin. Na zaci za ta yi fushi. Sai ta juya ta kalli randar da ke gindin mangwaro.

“Haka yake,” in ji ta. “Sai da ya tafi Turai na san ba yara ke cika mini randan nan ba.”

To kun ji. In kun ga na tsaya tun fasinja bai buɗe baki ba, ku daina danna mini oda, ku kewaye ni ku wuce. Ban san inda mutum zai je ba, ban kuma san wanda ya saba tsayar masa da mota ba.