Ƙafafun Tsohuwar Fijo

A wurin dillalan mota da ke bakin hanyar Kongolam, Alhaji Lawal ya daɗe yana zagaya wata doguwar mota yana shafa ta. Wani matashi da ke jiran abokinsa ya matso.

"Baba, saye za ka yi? Wannan ai da ƙafa huɗu take ja. Yashi ba ya riƙe ta."

"Haka dillali ya ce. Ni ko Fijo gare ni, tun kafin a haife ka."

"Haba Baba! Wadda ke kafewa ko a ƙofar gida?"

"Kai yaro, iya bakinka! Gonata can bayan garin Babban Mutum take, kuma ba mu taɓa kwana a hanya ba. Tawa ta fi wannan ƙafafu."

"Ta yaya?"

"In ta kafe, sai in ce, 'Ƙafafu, a sauka!' 'Ya'yana Sagir da Jamaluddeen su kama baya suna turi, 'yar'uwarsu Zakiyya ta karyo ganye ta cusa ƙarƙashin taya, uwarsu na zaune a gaba tana ba da umarni kamar ita ta ƙera motar. Mu fito buɗu-buɗu muna dariya."

"To me zai sa ka rabu da ita?"

Alhaji Lawal ya leƙa kujerun baya ta gilashi.

"Yaran duk sun watse, kowa da gidansa. Uwarsu kuwa bara Allah ya yi mata rasuwa. Ran Laraba na kafe, bakina ya riga ni cewa a sauka. Da na waiwaya, buhun taki kaɗai na gani. Kira min dillalin nan, ɗana."