Gobe Za a Hau Rufi

A rumfar mai sayar da leda a Ƙofar Marusa, Lydia na zaɓen ledar da za ta lulluɓe kujerunta da ita, wata dattijuwa na kallonta.

"Gyaran gida za a yi, ɗiyata?"

"E, Hajiya. Gobe kafinta zai cire kwano. Na kwashe komai."

"Kin aika wa maƙwabta?"

"Ai rufina ne, Hajiya."

"Wanda ya hau rufinki yana hango tsakar gidan kowa. Nan, sai an faɗa wa mata su kimtsa."

Kunya ta kama Lydia. "Ban san kowa ba a layinmu."

"Na sani. Shekara biyu ina jin waƙarki ta bayan katanga. Ni kin faɗa mani, saura gida uku. Biya kuɗin ledarki in raka ki."