Hoton da Ba Shi da Baya

A tashar Pitowa da ke Garwa, muna jiran mota ta cika, wata dattijuwa ta miƙa wa wani mai jakar kyamara wayarta.

"Ɗana, kai mai hoto ne? Duba mini. 'Yata Zuwaira ta ci bak, jarrabawar gama sakandare! Ta farko a gidanmu!"

"Kai, barka, Mama! Wannan ita ce?"

"Ita ce. Wannan kuma babanta. Na ce a haɗa su hoto ɗaya, sai ya fito da farin bango kewaye da shi, kamar an manna tambari."

"Ai JPG aka yi miki. Shi yana da kyau ga hoton biki, ba nauyi, nan da nan ya tafi a WhatsApp. Amma duk inda ya je da bangonsa yake zuwa. Ki ce su yanke Baba, su ajiye shi a PNG. Wannan ba shi da baya."

"Kul! Mijina ya bar baya, 'ya'ya huɗu!"

"A'a, Mama, bayan hoto nake nufi! Shi kaɗai zai fito, ki tsayar da shi inda kike so."

"Ko'ina? Har kusa da kafaɗarta?"

"Har nan. Amma me ya hana ya zo su ɗauka tare? Ya fi sauƙi."

Ta karɓi wayarta, ta goge fuskar da bakin mayafi.

"Bara ya rasu, ana tsinkar auduga. Rubuta mini harufan nan uku a tafin hannu, kar in manta."