Turancin da Aka Sha a Nono

A tashar motar Bucaramanga, Doña Nubia ta ga mutumin da ke gefenta yana karanta littafin Turanci, sai bakinta ya ƙi shiru. Ta miƙa masa wayarta.

"Malam, ga jikana da sabon malaminsu na Turanci. Bature na gaske, dubi ido kamar na mage."

Mutumin ya daɗe yana kallon hoton. "Me ya karanta?"

"Karatu kuma? Yawon buɗe ido ya zo, garin ya yi masa daɗi ya zauna. Wanda ya sha Turanci a nono, me zai yi da digiri?"

"Ke ma a nono kika sha Sifaniyanci, Iya. A ba ki aji?"

"Kai dai akwai baƙar magana. Malaminsu na da ɗan garin nan ne, wai digirinsa biyu. Mista Arepa ake ce masa, don Turancinsa ƙamshin arepa, wainar masarar nan tamu, yake. Mu muka sa aka sallame shi."

"Kin taɓa ganinsa?"

"Ina? 'Yata ta ce in ɗaga hannu a taron iyaye, na ɗaga."

Aka kira masu zuwa Cúcuta. Mutumin ya rufe littafinsa ya miƙe.

"A gaya wa Baturen ya riƙa zaunar da Yeison a gaba. Kunnensa na hagu ba ya ji, kuma ba zai faɗa ba."

Sai da motar ta tashi Doña Nubia ta tuna ba ta ambaci sunan jikanta ba.